Idan jirginka ya kafe: yadda kwamanda ke ɗaukar alhaki tun kafin a tambaye shi

Ɗan yayana ne ya jawo wannan rubutun. Yaron ya gama NDA Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, ɓangaren sojan ruwa, ya zo hutu Kano, muna zaune a majalisa bayan isha'i nan Gwammaja sai hira ta kai mu kan wani jirgin ruwan yaƙi da ya kafe a ƙasar waje, wato ya hau tudu ya maƙale, aka cire kwamandan. Wani abokina ɗan kasuwar Kwari ya ce shi fa a wajensa wannan zalunci ne, mutum na ɗakinsa yana barci, wani yaro ne riƙe da sitiyari, don me za a ce shi za a kama? Ya ce ai ko tirela ce ta faɗi a hanyar Zariya direba ake nema ba Alhaji mai mota ba. Kowa ya ce wallahi haka ne. Yaron nan dai ya yi shiru yana kallona, don ya san na yi shekaru ina cin abinci a kan ruwa kafin in yi ritaya in dawo gida.

Toh amsar da na ba su a daren ita zan faɗaɗa a nan, saboda yaranmu suna shiga aikin nan sosai yanzu, mun ga ɗan Kano Admiral Awwal Zubairu Gambo ya riƙe rundunar gaba ɗaya daga 2021 zuwa 2023, ga kuma kwalejin sojan ruwa nan kusa da mu a Dawakin Tofa. Wata rana ɗayansu za a miƙa wa jirgi. Da shi nake magana, kai ɗana.

Kwamandan jirgi ba Alhaji mai mota ba ne. Alhaji na shago, bai san ramin da ke hanya ba. Kai kuwa kana cikin jirgin, kai ka sa hannu ka karɓe shi, kai ka amince da hanyar da za a bi, kai ka ce wane ya isa a bar masa ɗakin tuƙi da tsakar dare. Aiki kake rabawa, alhakin yana nan rataye a wuyanka ko barci kake ko sallah. Dokar sojan ruwan Amurka ta faɗa ƙarara cewa alhakin kwamanda a kan jirginsa cikakke ne, mu ma a dokar sojojin Najeriya jefa jirgi cikin haɗari ko asararsa saboda sakaci laifi ne da kotun soja ke saurara. Ranar da aka yi fareti aka ɗaga maka tuta ake sara maka ai ka ji daɗi, to wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kafin jirgi ya bar tasha

Yawancin abin da za a tuhume ka a kai ba a daren haɗarin ya faru ba, kwana biyu ko uku kafin nan ne. Don haka a nan za ka fi ba da ƙarfi.

Hafsan taswira zai kawo maka tsarin tafiya, kar ka sa hannu a tsaye kana amsa waya. Zauna da shi ku bi hanyar layi layi. Ka san mita nawa cikin jirginka ya nutse a ruwa ranar, don da cikakken mai da harsasai da ruwan sha ba ɗaya ba ne da lokacin da ya yi sauƙi. Ka san ƙarfe nawa teku ke cikowa ƙarfe nawa take janyewa, a gaɓarmu kusan awa shida ne tsakanin cika da janyewa, kuma wajen da ka wuce lafiya da safe zai iya riƙe ka da azahar. Sannan abin da yara ke mantawa, jirgi in yana gudu a ruwa mara zurfi ƙara zama yake ƙasa, ruwan da ke wucewa ta ƙarƙashinsa janyo shi yake, shi ya sa ake rage gudu a mashigi ko da kuwa oga na jiranka a gaba. Wanda ya san bakin kogin Escravos a jihar Delta ko hanyar shiga Kalaba ya san yashi a wajen tafiya yake, inda taswira ta ce akwai zurfi bara bana ka tarar tudu ne. Babban jirginmu NNS Aradu, wanda aka ƙera a Jamus ya shiga aiki a 1982, shi kansa ya taɓa kafewa a 1987. Ba abin da ke faruwa da turawa kaɗai ba ne.

Kada ka dogara da ido ɗaya. Wannan in za ka manta komai kar ka manta shi. A ranar 17 ga Janairun 2013 jirgin share nakiyoyin Amurka USS Guardian ya hau dutsen murjani na Tubbataha a Filifin, waje ne da duniya ta keɓe ake karewa. Taswirar kwamfuta da suke bi ta ajiye dutsen kusan mil takwas nesa da inda yake a zahiri. Kai ka ce toh shikenan ai an samu mai laifi, masu zana taswira. Ina! An cire kwamanda Mark Rice da mataimakinsa da wasu biyu, saboda akwai wata taswirar a jirgin da ba ta yi daidai da waccan ba kuma ba a tsaya an warware saɓanin ba, an miƙa wuya ga allon kwamfuta kawai. Jirgin nan ba a iya jawo shi ba, yanyanka shi aka yi gunduwa gunduwa aka kwashe, Amurka ta biya Filifin diyyar kusan dala miliyan biyu. Haka jirgin ƙarƙashin teku USS San Francisco da ya daki dutse a ƙarƙashin ruwa can kudu maso gabashin tsibirin Guam ranar 8 ga Janairun 2005, soja ɗaya ya rasu da yawa suka ji rauni, taswirar da ke gabansu ba ta nuna dutsen ba, amma wasu taswirorin da ke cikin jirgin sun nuna akwai abin zargi a yankin. Kwamanda Kevin Mooney ya rasa jirginsa. Don haka GPS ta faɗa, ka sa a duba rada, a duba na'urar auna zurfi, a fita a kalli fitilun gaɓa da ido a ɗauki kusurwa da kamfas. In biyu suka saɓa, ka ɗauka wadda ta fi ba ka tsoro ita ce gaskiya har sai an tabbatar.

In na'ura ta lalace, rubuta ka aika sama kafin ka tashi, kuma ka faɗi abin da za ka yi a madadinta. Jirgin yaƙin Amurka USS Port Royal ya kafe a gaban birnin Honolulu ranar 5 ga Fabrairun 2009, dab da filin jirgin sama kowa na kallo, ya kwana huɗu a wajen, kuma na'urarsa ta auna zurfi ba ta aiki, shi kuma kyaftin John Carroll ya yi kwanaki ba barcin kirki. Kar ka ɗauka rashin barci jarumta ce. Gajiyayyen kwamanda kwamiti ba ya tausaya masa, tambayarsa ake wa ya tsara lokacin.

Sai littafin umarnin dare. Kafin ka kwanta ka rubuta da hannunka yaushe za a tashe ka, zurfi in ya kai kaza, hazo in ya sauko, jirgi in ya matso mil kaza, ko kuma in hafsan da ke kan duti zuciyarsa kawai ba ta kwanta ba. Kowa ya karanta ya sa hannu. Amma rubutun banza ne in yaran tsoronka suke. Bari in ba ka wanda na gani da idona. Wani dare muna fita daga wani rafi a Neja Delta ruwa na janyewa, yaron da ke kallon na'urar zurfi yana ganin lamba na raguwa, ya buɗe baki ya rufe ya buɗe ya rufe, saboda kwamandanmu mutum ne mai zafi, kwana biyu kafin nan ya zazzage wani a gaban kowa don ya tashe shi a kan abin da ya zama ba komai ba. Kafin yaron ya yi ƙarfin hali sai ji muka yi jirgi ya yi wata irin girgiza ya tsaya cak. Allah ya taimake mu laka ce ba dutse ba, muka zauna sa'o'i sauro na cinmu har ruwa ya ciko. Da safe wasu na cewa a hukunta yaron, kwamandan ya ce a ƙyale shi, ni na koya masa yin shiru. Ban taɓa manta maganar nan ba, kuma daga ranar mutumin ya canza, in ka tashe shi a banza ma sai ya ce madalla, gobe ma ka tashe ni.

Abu ɗaya kuma, in ɗan jagoran tasha ya hau jirginka zai shigar da ku, shawara ya zo bayarwa, jirgin yana hannunka. A mashigin Panama ne aka san ɗan jagora na karɓar ragamar tuƙi, a sauran wurare in ka ga zai kai ka tudu ka karɓe abinka, ko ransa zai ɓaci.

Minti goman farko

Toh ya faru. Ka ji ƙarar nan da duk wanda ya ji ta ba ya mantawa. Hau ɗakin tuƙi ka faɗa da ƙarfi kowa ya ji cewa ka karɓi jirgi, a rubuta lokacin. Daga nan babu wanda zai ce bai san wa ke ba da umarni ba.

Tsayar da injin. Zuciya za ta ce maka ja da baya da ƙarfi ko za ka zame kafin kowa ya sani, kar ka biye mata. In dutse ne ya huda cikin jirgin, shi ne ya toshe ramin, kana ja baya ka yage ƙarfen ka kai jirgin ruwa mai zurfi ya nutse da mutane. In yashi ne, farfela za ta tayar da shi injin ya zuƙa ya toshe bututun sanyaya shi, ka rasa wuta a lokacin da ka fi buƙatar famfo. A buga ƙararrawa, a rufe duk ƙofofin da ke tare ruwa, a ƙirga mutane da suna ɗaya bayan ɗaya, a duba wanda ya ji ciwo. Injiniya ya tura yara su auna tankuna da ɗakunan ƙasa a ga inda ruwa ke shiga, a duba ma'ajin harsasai, a duba ko mai na tsiyaya cikin teku. A zagaya jirgin da igiyar awo a san ta ina ya zauna ta ina akwai zurfi, kuma ƙasan laka ce ko yashi ko dutse. Ka tambayi teku cikowa take ko janyewa, don in janyewa take jirgin zai iya kwantawa gefe. A ɗaga alamar kafewa, da rana baƙaƙen ƙwallaye uku a jere sama da ƙasa, da dare jajayen fitilu biyu haɗe da fitilun anka, wato na jirgin da ke tsaye, kar wani ya zo ya same ka a wajen.

Rai kafin ƙarfe, a nan ba na jayayya da kowa. Jirgin Niyuzilan HMNZS Manawanui ya hau dutse a Samowa ranar 5 ga Oktoban 2024, washegari ya nutse. Bincike ya nuna na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ce aka bari a kunne, suna ta juya abin tuƙi jirgi bai amsa ba, suka ɗauka inji ne ya lalace. Kuskure ne babba mai ciwo. Amma kwamanda Yvonne Gray ta yanke shawarar a bar jirgin da wuri cikin dare da igiyar ruwa, mutum 75 ne a ciki kuma duk sun fita da ransu. Mu nan Kano ba sai an gaya mana mene ne ruwa ya ci mutane ba, har yanzu in aka ambaci Bagwai da ɗaliban Islamiyyar nan na 2021 sai jikin mutum ya yi sanyi. Jirgi gwamnati na iya sayen wani.

Kai rahoto, kuma kar ka taɓa takarda

Da zarar ka san halin da ake ciki, ko ma kafin ka gama sani, sanar da hedikwatar da kake ƙarƙashinta, Apapa ce ko Kalaba ko Yenagoa. Faɗi wuri, lokaci, mutane nawa, wa ya ji rauni, ruwa na shiga ko ba ya shiga, mai na zuba ko a'a, me kake buƙata. Kar ka ƙawata, kar ka ce ɗan gogawa ne alhali ka san kun zauna daram. Kuma ko jirgin ya zame da kansa bayan minti biyar ba wanda ya gani, rahoto dole ne, sai masu nutso sun shiga sun duba ƙasansa. Wanda ya ɓoye, wata rana za a ɗaga jirgin a wajen gyara a ga lotsawar, ranar laifinsa ya zama biyu, kuma na biyun ya fi na farko muni.

Sannan ka sa a tattara littafin jirgi, littafin injin, taswirar takarda da duk zanen fensir ɗin da ke kanta, umarnin daren da ka rubuta, abin da kwamfutoci suka naɗa, a kulle a ba hafsan da ba shi da hannu a dutin ya riƙe. Ba gogewa, ba cike gurbi, ba a ce bari mu gyara lokacin ya yi daidai. In akwai kuskure a rubutun a bar shi da kuskurensa. Ka ce kowa ya zauna shi kaɗai ya rubuta abin da ya gani, kar ka tara su a ɗaki ɗaya kana cewa ku tuna fa haka aka yi. Dan Allah kar ka yi wannan, ko da kana ganin taimakonsu kake. Masu bincike tsofaffin hannu ne, bayani shida da suka zo kalma ɗaya sak sun san dafa shi aka yi, kuma ka jefa yaran da ba su ji ba su gani ba cikin laifin ƙarya.

Gaban kwamiti

Galibi za a ɗauke ka daga jirgin tun bincike bai ƙare ba. Zai yi maka zafi, 'yan uwa a gida za su fara cewa an yi maka ne don kai ɗan Arewa ne ko don ba ka da uban gida, za a ce a je a ga wane a Abuja. Ka dakatar da su. Cirewar ba hukunci ba ce tukunna, ana ba shaidu sarari ne su yi magana ba sa kallon fuskarka.

Kana da haƙƙin lauya, ka nema, ba abin kunya ba ne. Ɗaukar alhaki ba ya nufin ka amsa abin da ba ka yi ba. Yadda ake yi shi ne ka fara da naka, ka faɗe shi da bakinka kafin a ciro shi daga bakin wani, ban duba tsarin tafiyar yadda ya kamata ba, na bar wane a kan duti alhali bai gama gogewa ba. Bayan nan in an tambaye ka abin da hafsan duti ya yi ka faɗi gaskiya daidai yadda take, ba ƙari ba ragi, shi ma zai amsa nasa. Laifi tudu ne, kuma kwamiti na lura da wanda ya taka nasa yana hango na yara.

A 1923 a Honda Point da ke gaɓar Kalifoniya, jiragen yaƙin Amurka bakwai suka bi juna suka hau duwatsu cikin hazo a dare ɗaya, sojoji 23 suka mutu. Kyaftin Edward Watson da ke jagorantar ayarin ya tsaya ya ce alhakin nasa ne. Amma duk da haka kyaftin kyaftin ɗin da ke biye da shi sai da suka gurfana, ko da yake yawancinsu an wanke su, don a ruwa cewa na gaba na bi ba ta isa hujja ba, kowa da jirgin da aka damƙa masa.

Wanda ya fi kama da muhawararmu ta majalisa shi ne HMS Nottingham na Ingila, da ya daki dutse kusa da tsibirin Lord Howe na Ostireliya a Yulin 2002. Kwamanda Richard Farrington ya sauka tsibirin ne, dawowarsa kenan a helikwafta, wasu ne ke tuƙi. Ramin da dutsen ya yi kaɗan ya rage jirgin ya nutse, yaransa suka kwana suna tare ruwa suka cece shi. Mutumin nan bai ce ba na nan ba. Ya gaya wa 'yan jarida cewa kotun soja a kansa tabbas ce kamar fitowar rana, ya yabi yaransa, a kotu ya amsa cewa ya miƙa jirgin ba tare da ya tabbatar an yi tsarin tafiya mai kyau ba. Aka yi masa jan kunne, ya ci gaba da aiki har ya ƙara girma. Chester Nimitz ma yana ɗan shekara 23 ya kafe USS Decatur a laka a Filifin a 1908, kotun soja ta same shi da sakaci, shi ne daga baya ya jagoranci rundunar ruwan Amurka a tekun Fasifik a yaƙin duniya na biyu. Ba ina ce maka kowa haka yake tsira ba, da yawa daga ranar aikinsu ya ƙare, musamman a zamanin nan. Amma waɗanda suka tsira da mutuncinsu duk ta wannan ƙofar suka bi.

Kuma kar kunya ko biyayya ta hana ka faɗin na sama. In ka rubuta sau uku cewa rada ba ta aiki aka ce ka tafi haka, kawo kwafin takardun. In an turo maka hafsoshin da ba su gama horo ba, faɗa. Rahoton Manawanui bai tsaya kan mutanen ɗakin tuƙi ba, ya taɓo horo da shirin da rundunar ta yi wa jirgin. Wannan ba gudun laifi ba ne matuƙar ka riga ka ɗauki naka, kare wanda zai gaje ka ne, don shi ma da wannan radar za a tura shi. Shi ya sa tun farko na ce maka komai a rubuce, maganar waya ranar bincike kowa mantawa yake.

Ranar da za ka miƙa jirgin, zauna da sabon kwamanda ka gaya masa duk inda ke ciwo, har wanda kwamiti bai gano ba. In akwai wanda ya ji rauni ka je asibiti, in an rasa rai ka je gidansu da ƙafarka ka yi ta'aziyya, kar ka aika takarda. Yaran da suka kwana cikin ruwa har ƙirji suna toshe rami ka rubuta sunayensu ka aika sama a san da su. Ka nemi ƙaramin hafsan nan da ke kan duti a daren, shi ne yanzu ba ya cin abinci ba ya barci yana ganin ya kashe maka aiki, ka zaunar da shi ka gaya masa ainihin inda ya kuskure da inda kai ka bar shi shi kaɗai. Sai ka ɗauki jakarka, ka sara wa tuta a bakin tsani, ka sauka.